Hoton da Kawu Ya Kife

Wanda ya buɗe wannan shafi don ya ga tsofaffin hotunan Dogon Dutsi, ya yi mini haƙuri ya karanta wannan tukuna. Hotunan suna nan daga ƙasa, ba inda za su je. Mai su ne ya tafi. Na Allah muke, gare shi za mu koma, kuma Kawu ya riga mu ranar wata Talata a tsakiyar damina, bayan kwana huɗu a gadon likita.

Kawu wan mahaifiyata ne, ciki ɗaya. Ya fi shekara arba'in yana ɗaukar hoto a wani ɗan shago mai shuɗiyar ƙofa kusa da tasha. Shi ya sa ranar da aka kai shi makwanci ban san sunan rabin mutanen da suka cika ƙofar gida ba, amma fuskokinsu na san su sarai. Na gan su cikin akwatinsa tun suna da gashi da haƙora.

Wani tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, ya zaro ɗan hoto daga aljihu yana nuna wa na kusa da shi, ya ce tun daga wannan ba wanda ya sake ɗaukarsa ya fito mutum. Wata tsohuwa ta zo tun daga Ɗan Kassari bisa amalanken jaki, da hoton aurenta naɗe cikin leda. Ta shigo wajen mata tana kuka tana dariya. "Ku dubi takalmin ango!" in ji ta. "Na mamacin ne. Mijina da silifa ɗaya ya iso, ɗayan ya tsinke a hanya."

Har abokan wana sun zo, 'yan kasuwa masu ɗangalallen wando waɗanda a wurinsu hoto abin ƙi ne, kuma da su aka ɗauki makara. Bayan an dawo daga maƙabarta, ina bayan katangar zaure ina cika butoci, na ji ɗayansu ya ce, "Sana'arsa dai ban yarda da ita ba, amma ban taɓa jin ya cuci kowa ba." Wani ya amsa masa ƙasa-ƙasa, "In ka cire ƙanwarsa."

Ƙanwar nan ita ce Inna, mahaifiyata. Tana zaune kan tabarma a tsakar gida, ana shigowa ana yi mata gaisuwa, tana cewa amin, amin, na gode, idonta a bushe ƙamas. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku. Mata suka fara taɓa juna. Na ji wata gwaggonmu tana cewa, "Ai ba a ganin laifinta. Wanda ya tona maka asiri gaban duniya, ko ya mutu zuciya ba ta sakin shi da wuri."

Garin nan duka ya yarda cewa Kawu ya tona wa ƙanwarsa asiri. Inna ma ta yarda, wata bakwai ba ta fito ta dube shi ba har ya rasu. Ƙarya ce. Ni na yi, shi ya ɗauki laifin, kuma a kwanakin makokin nan ni kaɗai na rage a duniya da na san haka.

Aikina a Yamai gina shafukan intanet ne, abin da muke kira sit, kuma yawancin masu kawo mini aiki masu ɗaukar hoto ne, samari masu manyan kyamarori da ke bin bukukuwa da taruka. Su kawo hotuna, ni in tsara musu wurin da za a gan su, in zaɓi wanda zai tarbi mai shigowa a shafin farko, in rage musu nauyi don su buɗu ko rezo, wato sabis ɗin waya, ba ƙarfi, in manna sunan mai su a kusurwa. Ba don Kawu ba da ban kama wannan hanya ba. Shekarar da na gama lakwal Baba ya ce karatu ya isa haka. Kawu ya zo ya zauna a zaurenmu tun da hantsi, ba ya zancen komai sai gero da ruwan sama. Aka kawo abinci ya ƙi ci, aka yi azahar ya dawo ya sake zama. Da Baba ya gaji ya ce, "To, ta tahi," sai Kawu ya ce a ɗumamo tuwon nan. Haka yake roƙo. Ba ya gardama da kowa, zama yake yi har a ji kunyarsa.

Wanda ya taɓa shiga shagonsa ya san ba ya danna kyamara sai ya ji ɗan wa kake. Mutum zai zo a guje neman hoton katin dantite, katin shaidar ɗan ƙasa, motar Yamai tana ta oda a tasha, shi kuwa yana goge gilashi a hankali yana tambaya, "Ɗan wa? Na wace unguwa? Kakanka ba shi ne mai gurguwar saniyar nan ba?" In ka nuna gajen haƙuri ya ce ba ya ɗaukar fuskar da bai san inda za a mai da ta ba. A bayan labule yana da takalma ƙafa uku, da kwat ɗaya, da agogon hannu da ya daina tafiya tun kafin a haife ni. Duk na aro ne. Ba ya tambayar mutum ko yana so, don kada ya ji kunya. Cewa yake yi hasken ranar bai dace da wannan takalmi naka ba, gwada wanga.

Ni kuwa Madam Ordinatar yake kirana, don kullum ina gaban ordinatar, wato kwamfuta. Ko a gaban baƙi.

Da wayoyi suka cika gari kowa ya zama mai hoto, aiki ya janye, sai 'yan dantite jefi-jefi. Amma wani abu ya taso. 'Ya'yan garin da ke Yamai da Kwatano da Legas suka riƙa kiransa suna tambaya ko yana da hoton babansu, ko na kakarsu ranar suna. Ni kuma abin ya riƙa cina. Na gina wa yaran da ba su kai rabinsa ba shafuka masu ƙyalli, kawuna da ya ɗauki garin nan kaf ba wanda ya san shi bayan Dosso. Bayan kaka na ɗauki hutun sati uku, na sauka da ordinatar da na'urar kwafar hoto, na ce masa zan buɗe masa shago a intanet.

"Wanga shago naki," ya ce, "wa ka rufe shi in an tashi?"

"Ba a rufe shi, Kawu. Ai amfaninsa ke nan."

"Shagon da ba a rufewa," ya ce. "To."

Mun yi faɗa a sati ukun nan, ba sau ɗaya ba. Na kasa hotunan yadda nake yi wa kowa, Biki, Suna, Makaranta, Kasuwa. Ya leƙa ya ce ba wanda zai zo neman Biki, ubansa zai zo nema, in kasa su gari gari, unguwa unguwa. Na ce ba haka ake yi ba. Ya ja kujera ya zauna kusa da ni. Kafin la'asar na sake tsarin. Wata rana kuma na daidaita hotunan duka suka zama masu kusurwa huɗu daidai wa daida don su jeru da kyau a waya, abin da ya sa na datse ƙasan wasu. Ranar ce kaɗai na ji ya ɗaga mini murya. "Kin yanke wa mutum ƙafafu! Kin san daga inda ya tako? Kin san takalmin wa ke ƙafarsa?" Tun daga ranar ban sake yanke ƙafar kowa ba, ko a aikin samarin Yamai, suna ta mita wai na cika tsohon yayi. Shi ne kuma ya sa na ƙara rage nauyin hotunan fiye da yadda na saba, don ya ce ba zai yarda mutumin Matankari ya hau tudu yana ɗaga waya sama kafin ya ga fuskar uwarsa ba.

Hotunan suna cikin akwatunan ƙarfe uku, kowane gari da ambulansa. A cikin kowace ambulan yawanci fuska na kallon sama, amma nan da can za ka tarar da ɗaya a kife. Tun ranar farko ya kama wuyan hannuna ya ce, "Ɗiyata, wanda duk kinka tarar a kife, ki bar shi a kife." Ya yi mini bayani dalla-dalla. Na mutanen da suka dawo daga baya ne suka ce kada a ƙara gani. Wani ya ɗauka da matar da suka rabu baram-baram, wata da rigar da yanzu take jin kunyarta, wani da abokin da ya zama abin gudu. Da yawa cewa suke yi ya ƙona, shi kuwa ya ce ba ya ƙona fuskar ɗan Adam, amma zai kife ta, kuma muddin yana da rai ba mai gani. Garin ya san da haka, shi ya sa ake sakin jiki a gaban kyamararsa.

Ba zan ce ban ji ba. Ba zan ce na manta ba. Na ji sarai.

Sati biyu ina neman hoton da zai zauna a shafin farko. Wanda ya san aikinmu ya san wannan hoto shi ne komai, in bai riƙe mutum ba a daƙiƙar farko, ya wuce ke nan. Ran Juma'a, Kawu ya tafi masallaci, ina kwashe ambulan ɗin Matankari sai na zo kan wani a kife. Na ɗaga shi zan ajiye gefe, hannuna ya juya shi. Wata yarinyar mace ce, ba za ta wuce shekara ashirin ba, zaune a kan tabarma da baƙin zane, an yafa mata wani a ka. Kanta ya karkata, idanunta rabi a rufe, ƙura ta tashi a bayanta rana ta ratsa ta. Ga mai goge a gefe ya sunkuya, ga mata masu kiɗan ƙwarya. Wasan bori ne, doguwa ta hau ta. Wallahi a duk shekarun da na yi ina jera hotunan mutane ban taɓa riƙe mai kyan wannan ba.

Sai na fara yi wa kaina wayo. Na ce hoton ya fi shekara arba'in, mai shi ta daɗe da mutuwa, in ma tana da rai wa zai gane ta? Na ce Kawu tsoho ne, bai san darajar abin da ke hannunsa ba, in manyan masu hoto na waje suka ga wannan sunansa zai kai inda bai taɓa zato ba. Na kwafe shi, na mai da shi a kife yadda na same shi. Ranar da zan buɗe shafin na nuna wa Kawu komai, da hoton tsohuwar tasha a gaba, ya duba ya ce madalla. Yana juya baya na sauya. Na tura adireshin a duk gurup ɗin 'yan Dogon Dutsi da nake ciki, na kwanta ina jin kaina gwana.

Washegari ran kasuwa ce. Kafin azahar wana ya faɗo shagon ko sallama bai gama ba. Shi ne babba a ɗakinmu, yana da kantin sukari da shinkafa a kasuwa, mutum ne mai riƙo da addini, ba mai hayaniya ba. Ya dangwarar da waya gaban Kawu. Ashe wata tsohuwa mai daddawa ce jikarta ta nuna mata, ita kuwa ta ɗaga murya a tsakiyar layi ta ce, "La! Wannan ai uwar mai kantin sukari ce!" Kafin ya ankara mutane sun taru a ƙofar kantinsa ana miƙa waya hannu zuwa hannu.

"Kawu, wace ce wannan?"

Kawu ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Ni har lokacin ban gane ba, ina ta shirya bayanin da zan yi kan darajar tarihi.

"Uwarku ce," ya ce.

Uwata, wadda na sha nononta, na kwana biyu ina gyara hasken fuskarta a kan ordinatar ban gane ta ba. Inna da na sani hajiya ce mai carbi da hijabi har ƙasa, wadda ba ta fashin karatun mata a masallacin unguwa.

"Wa ya sa shi?" in ji wana.

Na buɗe baki. Kawu ya riga ni. "Sunan wa ke bisa shafin?"

"Naka."

"To mi kake tambaya?"

Wana ya fara faɗa, uwarsa cikin 'yan bori, duniya na kallo, da wace fuska zai koma kasuwa, da wace fuska ita za ta fita. Kawu ya bar shi ya gama, sannan ya ce ya zauna. Ya ce kafin a haife shi Inna ta binne 'ya'ya uku, ba wanda ya kai yaye. Ya ce a hoton nan cikinsa ne da ita, wata bakwai, kuma shi Kawu da kansa ya goya ta a keke zuwa Matankari don ba ta iya barci saboda tsoro. Ita ta roƙe shi ya ɗauke ta, wai in ta mutu wajen haihuwa abin da ta haifa ya san fuskarta.

"Allah ne ya raya ni," in ji wana, "ba iska ba."

"Haka ne. Ita ma ta san haka, shi ya sa ta bari tun kana goye. Amma ran nan ba ta samu mai gaya mata ba, mai goge ta samu."

Wana ya miƙe. Ya ɗauki wayarsa ya fita.

Ban yi minti ɗaya ba na cire hoton. Amma na fi kowa sanin aikin banza nake yi, don duk wanda ya gani ya riga ya ajiye a wayarsa ya tura gaba. Kawu yana tsaye a kaina.

"Kin cire?"

"Na cire."

"Daga ina?"

Na fashe da kuka na ce yanzu zan je in gaya wa Inna ni ce. Ya ce ba inda za ni. "In da ni ta yi fushi, mi ta rasa? Tsohon da ya kusa tahiya. In da ke ne, ita ta rasa ɗiya, ke ki rasa uwa, ga ku da sauran zama a duniya. Wannan ma na kife shi." Bai zage ni ba, bai ce na faɗa miki ba. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Kuma bari in faɗi gaskiya, na karɓi wannan shawara da sauri, saurin da har yau in na tuna nake jin kunya. Na ce biyayya nake yi masa, alhali tsoro ne.

Da la'asar ya tafi gidanmu, ina biye da shi kamar tunkiya. Inna ba ta fito ba. Daga bayan labule ta ce, "Yaya, na ce ka ƙona, ka ce ka kife. Ashe ajiya ka yi mini." Ya tsaya a tsakar gida da hularsa a hannu ya ce, "Ki yafe mini." Ina tsaye kusa da randa, bakina a rufe.

Na koma Yamai na bar su da abin da na shuka. Inna ta daina zuwa karatu, ta daina zuwa suna da biki wajen wata biyu, don ta ji ana kiranta ta doguwa a bayan ido. Wana kam, Allah ya saka masa, bai fasa zuwa gaishe ta kowace safiya ba, har ya ɓata da wani abokinsa da ya yi mata shaguɓe. Amma tsakaninta da Kawu ƙofa ta rufe. Tun ina ƙarama kowace Juma'a takan aika masa da dambu da kopto, don yana son zogale kamar me. Kwanon ya daina fita. Shi kuwa bai fasa ba, in an sauko daga masallaci sai ya biyo, ya yi sallama, ta amsa daga ɗaki. Ya zauna kan turmi ɗan lokaci, ya ajiye goro biyu, ya tashi. In an yi mata magana ta ce ai ba gaba take yi ba, tunda tana amsa sallama.

Nakan kira shi, ya ce lahiya lau, Madam Ordinatar. Sau biyu na ce masa na gaji, zan faɗa. Ya ce, "Abin da na kife fa?" Sai in yi shiru, in ji daɗin an hana ni.

Ya sa na sauke shafin gaba ɗaya, na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Ashe bai gama ba. Ya ce ya gane ko waɗanda ba a kife ba, masu su sun yarda ne a gan su a Dogon Dutsi, ba a shagon da ba a rufewa ba. Sai ya shiga bin mutane. Tsoho mai ciwon gwiwa, cikin zafin bazara, ya hau bayan kabu-kabu da ambulan a ƙirji, yau Matankari, jibi Ɗan Kassari, gida gida yana nuna hoto yana tambaya ko an yarda duniya ta gani. In mai hoton ya rasu ya nemi babban ɗansa. Wanda aka yarda ya ɗiga masa shuɗin biro a baya. Wasu sun kore shi, don labarin ƙanwarsa ya riga shi isa. Duk hoton da za ku gani a ƙasan wannan rubutu yana da ɗigon nan.

Da aka kwantar da shi na iso a rana ta uku, ya riga ya daina magana. Na riƙe hannunsa, ban sani ba ko ya san ni ce. A rana ta huɗu da safe na ga Inna ta tsinko zogale ta ɗora tukunyar dambu. Ta zuba a kwanon nan na Juma'a, ta rufe da faifai. Tana ɗaura hijabi wana ya shigo da labarin rasuwar, ya durƙusa a gabanta. Ta cire hijabin ta ninke, ta tura kwanon ƙarƙashin gado.

Kwana shida ina kallonta cikin masu gaisuwa, ina jin abin da ake faɗa a kan Kawu. Ya ce in yi shiru, kuma bai taɓa janye maganar ba. Amma shirun da ya sa ni don ya tsare mu ne, ga shi yanzu shirun nan ya hana ƙanwarsa yi masa kuka, ya sa waɗanda suka ɗauki makararsa suna kiransa maci amana. A rana ta bakwai, baƙi sun watse, mun dawo gidanmu, na same ta da hantsi a bakin ɗaki tana tsinkar ganye a faranti. Na durƙusa.

"Inna, hoton nan ba Kawu ya sa shi ba. A kife na same shi. Ya hana ni taɓawa, na juya. Bai ma san na sa ba sai da aka kawo masa waya."

Hannunta bai tsaya ba. Ta gama reshen da ke hannunta, ta ɗauki wani.

"Shi ya ce ki yi shiru?"

"Shi ne."

"Sau biyu ke nan kina buɗe abin da ya kife."

Ta ajiye farantin. Ta juya ta dubi turmin da ke gindin katanga, ta daɗe tana dubansa. "Nan yake zama," ta ce. "Ina jin tarinsa. Ina bayan labulen can ina jira ya tashi." Sai muryarta ta tsage. "Wayyo Yayana! Wayyo ni, Yayana!" Kukan da aka kwana bakwai ana jira ya zo gaba ɗaya, har maƙwabta suka shigo a guje sun ɗauka wata rasuwar aka yi. Na kai hannu zan riƙe ta, ta ture shi. Da aka kira wana ta sa na maimaita a gabansa, kalma kalma. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya fita yana share ido da hannun riga.

Washegari na ɗauki jakata zan tafi tasha. Kullum takan raka ni har zaure tana ƙara mini ƙullin yaji da kuka, ran nan ba ta tashi ba. Na kai bakin ƙofa ta kira ni, ba da sunana ba.

"Ke. Shagon nan naki da ba a rufewa, yana nan?"

"Na sauke shi, Inna, amma ana iya mai da shi."

"Mai da shi. Inda kinka sa ni, nan za ki sa wagga magana. Ki rubuta duka, kada ki rage komi, kada ki kira sunan kowa, garin ya san mu. Yadda kinka sa sunka gani, haka za ki sa su ji."

To ga shi na rubuta, kuma ga shi a inda hoton ya zauna. Hoton kansa yana cikin akwati, a ambulan ɗin Matankari, a kife yadda mai shi ya bar shi, makullin yana hannun Inna. Wanda ya san ya tura shi wa mutum ɗaya, ina roƙonsa don Allah ya goge, ya tura wannan wa mutumin nan. Kawu bai ci amanar kowa ba.

Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci, ya rufa masa asiri a can yadda ya rufa wa mutanen garin nan shekara da shekaru. Mu da muka rage Allah ya sa mu cika da kyau.

Inna ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban tambaya ba. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci nakan kira ta. Ta ɗauka, in yi sallama, ta amsa, sai shiru. Ba na kashe wayar. Ina zaune, yadda na ga Kawu yana yi.